Holger Rune: halinsa ne ya taka masa birki, ko da wani abu a ƙasa?

Ɗan Raga ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu bin tenis. Tambayata a kan Holger Rune ce, ɗan ƙasar Denmak, kuma ina roƙon amsa daga waɗanda suka san wasan ciki da bai, ba irin amsar nan ta "yaron ba shi da kunya" a tsaya nan ba.

An haife shi ranar 29 ga Afrilun 2003, Carlos Alcaraz kuma 5 ga Mayun shekarar, kwana shida ke nan tsakaninsu. Suna yara har wasan bibbiyu sun buga tare a gasar Les Petits As ta Faransa. A Nuwamban 2022, yana ɗan shekara 19, Rune ya ɗauki kofin Masters na Paris bayan ya wuce mutum biyar a jere da ke cikin goman farko na duniya: Hurkacz, Rublev, Alcaraz da ya janye saboda rauni, Auger-Aliassime, sannan Djokovic a wasan ƙarshe. A Agustan 2023 ya kai na 4 a duniya. A lokacin ana ta cewa shi da Alcaraz da Sinner su ne ukun da za su gaji Federer da Nadal da Djokovic.

Biyu sun cika alkawari. Shi kuwa har zuwa Oktoban 2025 da agararsa, wato jijiyar dunduniyarsa, ta tsinke a Stockholm, bai taɓa wuce kwata fainal ba a manyan gasa huɗu na Grand Slam. Sau uku ya kai can, sau uku ya tsaya.

To, rigimarsa da abokan karawa da 'yan kallo ce ta jawo, ko a cikin wasan nasa matsalar take? Me doka ta tanada kan irin abubuwan da yake yi? Sannan wanda agararsa ta tsinke, yana komawa yadda yake kuwa?

Malam Koci ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari a fara da abin da yake da shi a hannu, don masu ganin an zuzuta shi ne ba su kalli wasan da kyau ba.

Bugun bayan hannunsa na hannu biyu yana cikin mafi tsabta a sa'o'insa. Yana ɗaukar ƙwallo tun tana tashi daga ƙasa, kafin ta kai ƙololuwa, kuma yana iya sauya mata hanya ta bi layi ba tare da ya ja da baya ba. Wanda ke yin haka yana sace wa abokin karawa lokaci, ko da ƙarfin bugun bai kai na wasu ba. Tarbar sabis ɗinsa mai kyau ce, ƙafarsa na da sauri, hannunsa kuma na da laushi a bakin raga. Tsawonsa mita 1.88, daidai wa daida.

Duba inda ya fi haskawa. A ƙarshen 2022 ya kai wasan ƙarshe huɗu a jere: Sofia, Stockholm, Basel da Paris. Dukkansu a rufaffen fili ne mai tauri. Babu iska, babu rana a ido, ƙwallo na tashi iri ɗaya kowane lokaci, kuma wanda ya ci set biyu ya gama (maki ke taruwa su zama gem, gem kuma su taru su zama set). Yanayin da ya dace da mai tsayawa a kan layin baya yana tarar ƙwallo da wuri ke nan. A makonnin nan tsari ɗaya yake bi: ya matso, ya gajarce maki, ya hau raga idan ƙwallo ta faɗi gajere. A wasan ƙarshe da Djokovic ana gabansa da 3-1 a set na uku, ya dawo, kuma a gem ɗin ƙarshe sau shida Djokovic na samun damar karya masa sabis, wato cin gem ɗin da Rune ke sabis, yana tsallakewa. Wanda ba shi da zuciya ba ya yin wannan.

Yanzu a ajiye wasa biyu da Rublev a 2023 kusa da wancan. A gasar Grand Slam ta Ostareliya, zagaye na huɗu, yana gaba da 5-2 a set na biyar, ya samu makin gama wasa har biyu, a raba-gardamar ƙarshe mai maki 10 kuma ya yi gaba da 5-0, ya rasa da 11-9. Gaskiya ne ƙwallon ƙarshe ta taɓa raga ta faɗo, amma bai kamata a kai ga nan ba. Bayan wata uku a wasan ƙarshe na Monte Carlo yana gaba da 4-1 a set na uku, ya sha kashi 7-5.

Abin da nake gani a irin waɗannan wurare shi ne: idan ya yi gaba, sai ya koma baya da mita ɗaya ko biyu daga layi. Daga can bugunsa na dama ba ya zurfi, ƙwallo na sauka kusa da layin sabis, abokin karawa ya shigo ya kama ragamar makin. Idan ya ga haka sai ya juya gaba ɗaya, ya nemi gama maki da bugu ɗaya: ya ɗan ajiye ƙwallo a bakin raga alhali yana nesa da layi, ko ya yi sabis ya ruga raga a 30-30, wato lokacin da kowa ke da maki biyu a gem, ba shiri. Ajiye ƙwallo na aiki ne idan kana cikin fili, abokin karawa kuma na can baya yana jiran dukan ƙarfi. Idan kai ne a baya, ƙwallon na daɗewa a sama, ka ba shi lokaci kyauta. Yawan dabara ne ya zame masa nauyi, don a kowane maki yana da zaɓi huɗu ko biyar, kuma bai tsayar da wanda zai koma wa ba idan wuta ta yi wuta.

Gyaran ba ɓoyayye ba ne. A tenis na maza kusan kashi 70 cikin 100 na maki na ƙarewa ne cikin bugu huɗu na farko, wato sabis, tarba, da bugu ɗaiɗai da ke biyo su. Don haka koci na zaunar da ɗan wasa su tsayar da tsari biyu kacal a kowane ɓangaren sabis. Misali a ɓangaren dama: sabis mai lanƙwasa zuwa waje, bugun da ke biye ya tafi filin da aka buɗe, ko sabis ta tsakiya, bugu na biyu ya koma bayan mutum. A atisaye sai a fara kowane gem daga 30-30 ko 30-40, a haramta ajiye ƙwallo sai ƙafa biyu na cikin fili, a shimfiɗa igiya mita ɗaya da rabi a bayan layi, duk wanda ya tsallaka ta baya ya rasa makin. Ana maimaita wannan wata da watanni kafin ya zauna a jiki.

Nan ne maganar masu horarwa ta shigo. Lars Christensen ne ya rene shi tun yana ƙaramin yaro. Patrick Mouratoglou ya shigo a ƙarshen 2022. Boris Becker ya zo a Oktoban 2023, Severin Lüthi, wanda ya daɗe tare da Federer, ya biyo baya a Disamba. Kafin Fabrairun 2024 ya ƙare dukansu biyu sun tafi, Mouratoglou ya dawo, a watan Yuli aka sake rabuwa, daga baya Christensen ya koma kujerarsa. Kowanne da yadda yake ganin wasan: wani ya ce matso, wani ya ce yi haƙuri ka gina maki. Shi kuwa Alcaraz tun yana ɗan shekara 15 ya yi ta jin murya ɗaya, ta Juan Carlos Ferrero, har ya tara manyan kofuna, kafin su rabu a ƙarshen 2025. Sinner ma tun 2022 yake tare da Vagnozzi da Cahill. A ganina a nan gizo ke saƙa, ba a cacar baki da abokan karawa irin su Stan Wawrinka ba.

Alƙalin Kujera ya amsa:

Malam Koci ya yi bayanin wasa, ni bari in ɗauki ɓangaren doka, don mutane na cakuɗa abin da ke ɓata wa 'yan kallo rai da abin da littafi ya hana.

Hukuncin rashin ɗa'a a cikin wasa hawa-hawa ne. Laifin farko gargaɗi. Na biyu a ba abokin karawa maki ɗaya. Na uku a ba shi gem sukutum. Daga nan kowane laifi gem ne, kuma babban jami'in gasa na iya cewa a kori ɗan wasan. Ba sai laifin ya zama iri ɗaya ba: fasa raket, ashar da aka ji, buga ƙwallo waje cikin fushi, zagin alƙali, duk a ma'auni ɗaya suke taruwa. Tarar kuɗi daban take, bayan wasa ake yanke ta a cire daga ladan gasa. Babban laifi kuma ba ya bin hawa. Djokovic a gasar Amurka ta 2020 ya buga ƙwallo ta sami mai kula da layi a maƙogwaro, nan take aka sallame shi. Shapovalov a gasar Davis ta 2017 ya sami alƙali a ido, haka aka yi masa. McEnroe kuwa a Ostareliya a 1990 lissafi ya ruɗe masa, bai san an rage matakan daga huɗu zuwa uku ba, ya ɗauka yana da sauran dama ɗaya.

Ɓata lokaci shi ma da nasa lissafin. Daƙiƙa 25 tsakanin maki da maki, 90 a sauyin gefe, 120 tsakanin set da set. Bayan gargaɗin farko, mai sabis na rasa sabis ɗaya, mai tarba kuma na rasa maki.

To a ɗora abubuwan Rune a kan wannan. A 2021, a wata ƙaramar gasa a Biella ta Italiya, ya furta kalmar ɓatanci ana ji, hukumar tenis ta maza, ATP, ta ci shi tarar dala 1,500, ya ba da haƙuri. Wannan laifi ne ƙarara. Amma shahararrun rigingimun nasa ba su ma shiga littafi ba. A Roland Garros na 2022, gasar Grand Slam ta Faransa, bayan Casper Ruud ya fitar da shi a kwata fainal, ya miƙa hannu a sanyaye, daga baya ya ce Ruud ya yi masa ihu a fuska a ɗakin sauya kaya, Ruud ya musanta. A Paris Wawrinka ya gaya masa a bakin raga ya daina halin jarirai a fili. A Monte Carlo ya ɗora yatsa a baki yana nuna wa 'yan kallo su yi shiru a wasansa da Sinner. Babu ɗaya a ciki da ya ci masa ko maki guda.

Biyu ne suka cancanci a tsaya a kansu. Na farko Madrid, 2023. Davidovich Fokina na jayayya da alƙali a kan shaidar da ƙwallo ta bari a jar ƙasa, Rune ya sa ƙafa ya share ta. Ƙa'idar jar ƙasa ita ce: wanda ya share shaida kafin alƙali ya yanke hukunci, ya sallama makin. Idan an riga an yanke, sharewa ba laifi ba ce. Madrid na amfani da na'ura wajen duba irin wannan, don haka ta fuskar doka ba a kama shi da komai ba. Sai dai ka yi haka a gaban 'yan Sifaniya kana karawa da ɗansu, ka sayi ihun dare guda, kuma ya rasa wasan a raba-gardamar set na uku. A gefe guda, tsallaka raga don duba shaida shi ne haramun, abin da ya ci Martina Hingis maki a wasan ƙarshe na Roland Garros na 1999 da Steffi Graf.

Na biyu, Roland Garros na 2023, da Francisco Cerúndolo. Ƙwallo ta taɓa ƙasa sau biyu kafin Rune ya kai mata, alƙali bai gani ba, aka ba Rune makin. Kiran taɓa ƙasa sau biyu haƙƙin alƙali ne, doka ba ta tilasta wa ɗan wasa ya tona kansa ba. Al'adar wasan ce ke so ka ɗaga hannu ka sallama, kuma ɗan wasan da ke ƙasan ƙwallon galibi yana ji a raket ɗinsa. Daga gasar Amurka ta 2023 aka fara duba bidiyo kan irin wannan a wasu filaye, sannan daga 2025 na'ura ce ke kiran layi a gasannin ATP. Rabin abin da ake rigima a kai ya tafi da kansa.

Idan ana maganar takardar laifi, ta Rune ba ta da nauyi.

Ɗan Raga ya sake rubutawa:

Na gode, malamai. Amma to me ya sa ake yawan haɗa shi da Nick Kyrgios? Har wasu na kiransa magajinsa.

Hajiya Mai Lissafi ta amsa:

Masu haɗa su sun ji hayaniya ne kawai, ƙanena, ba su duba tushenta ba.

Kyrgios ma yana ɗan shekara 19 ya girgiza duniya. A Wimbledon na 2014, yana na 144, ya fitar da Nadal da ke na 1. Ya doke Federer a karonsu na farko a Madrid a 2015, ya doke Djokovic a karonsu na farko a Acapulco a 2017. Sabis ɗinsa ya fi na Rune nesa ba kusa ba. Amma ga takardarsa. Montreal, 2015: ya jefa wa Wawrinka maganar da ta shafi rayuwarsa ta sirri, tarar dala 10,000. Shanghai, 2016: ya ƙi yin wasa da gaske a gaban Mischa Zverev, aka ci shi dala 16,500, aka ƙara 25,000, aka dakatar da shi mako takwas, da sharaɗin a mayar da shi uku idan ya ga masanin halayyar 'yan wasa. Roma, 2019: ya yi jifa da kujera cikin fili, aka kore shi. Cincinnati, shekarar: dala 113,000 a wasa ɗaya. Mafi girman matsayinsa na 13 ne. Yawancin shekarunsa babu koci, kuma rabonsa da Roland Garros tun 2017. Da ya mai da hankali a 2022 sai ga shi a wasan ƙarshe na Wimbledon.

Kyrgios wasan ne ke gundurarsa. Rune kuwa wasan ne ya cika masa ciki har ba ya iya jira. Ba a taɓa zarginsa da ƙin yin ƙoƙari ba, akasin haka ma, ya fi kowa cika jadawali. Ciwo biyu ne daban, maganinsu ma daban.

Inda ban bi Malam Koci ba shi ne raba hali da sauyin masu horarwa, kamar abu biyu ne. Ai abu ɗaya ne. Gaggawar da ke sa shi neman gama maki da bugu ɗaya a 30-30 ita ce ke sa a sauya koci bayan wata uku. Kuma tun da aka halatta wa koci magana daga wurin zamansa, gwaji daga tsakiyar 2022, doka daga 2025, ɗan wasa mai yawan waiwaye ya samu ƙofa. Ka lura da idonsa bayan ya zubar da maki: yana komawa ga mutanensa, inda mahaifiyarsa Aneke, wadda ke kula da harkokinsa, take zaune. A wasan Ruud na 2022 har ya daka tsawa ta bar wurin. Daƙiƙa 25 ba su da yawa. Masu koyar da natsuwa suna raba su huɗu: ka juya wa raga baya ka mayar da raket hannun da ba ka bugu da shi, ka ja numfashi mai tsawo biyu ko uku idonka na kan igiyar raket, ka tsayar da inda za ka aika ƙwallo, sannan ka yi 'yar al'adarka ta buga ƙwallo a ƙasa. Idan 15 sun tafi a mita da gunaguni, mataki na uku ne ke faɗuwa, sai ka yi sabis ba ka san me ke biye ba.

Kuma tazarar da ake wasa a kai siririya ce. Federer da kansa ya faɗa a 2024 cewa ya ci kusan kashi 80 cikin 100 na wasanninsa, amma maki kashi 54 kacal ya ci. Wanda ke zubar da maki uku ko huɗu a set saboda ransa na wani wuri ya riga ya ba da wannan ratar.

Ga kuma matsin jerin gwanaye. Makin matsayi na zama mako 52 ne ya faɗi. Maki dubun da ya samu a Paris a 2022 sun fita a Nuwamban 2023, a lokacin ya tsaya a kwata fainal, aka ba shi 180. Giɓin 820 ke nan a mako ɗaya. Mai son toshe irin wannan giɓi yakan ƙara gasa maimakon ya huta, kuma bayan Wimbledon na 2023 ya yi ta fita a wasan farko yana fama da ciwon baya, har da gasar Amurka. 2024 ta wuce babu kofi. Amma kada a manta, a Afrilun 2025 ya doke Alcaraz 7-6, 6-2 a wasan ƙarshe na Barcelona, a jar ƙasa, a gidansu. Wata guda kafin nan Draper ya casa shi 6-2, 6-2 a wasan ƙarshe na Indian Wells. Mutum ɗaya ne, tsakanin 'yan makonni.

Mai Ɗori ya amsa:

Kowa ya yi maganar kai da hannu, saura jiki, kuma a Grand Slam jiki ne ke yanke hukunci, don sai ka ci set uku cikin biyar, sau bakwai a mako biyu.

Tun fitowarsa ta farko alamar ta bayyana. A gasar Amurka ta 2021 ya ƙwace set na biyu a hannun Djokovic, sannan tsokar ƙafafunsa ta ɗaure, ya ƙarasa wasan da kyar. Doka ba ta ɗauki ɗaurewar tsoka a matsayin rauni ba. Ba a ba ka hutun jinya na minti 3 saboda ita, sai dai a murza maka a lokacin sauyin gefe. Idan ba ka iya tsayawa ba, sai ka sallama maki ko gem har a kai ga hutun.

Abu uku ke haɗuwa su kawo ta: gajiyar tsoka, asarar ruwa da gishiri, da ɗar-ɗar. A zafi ɗan tenis na iya zubar da gumi lita 1 zuwa 2.5 a awa. Yadda ake ganewa: a auna nauyi kafin atisaye da bayansa, a haɗa da abin da aka sha. Kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce, kuma ana mayar da lita 1.25 zuwa 1.5 a madadinsa, don wani zai fita ta fitsari. Idan asarar ta haura kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki, gudu da tunani duk suna raguwa. Ruwa zalla ba ya wadatarwa ga mai gumi mai gishiri, sai an haɗa da sinadarin gishiri, da abin ba da kuzari kamar giram 30 zuwa 60 a awa. Ɗar-ɗar kuwa ita ce ta haɗa maganata da ta Hajiya: wanda ke buga kowane maki da ɗaurarriyar kafaɗa da guntun numfashi yana ƙone ƙarfinsa da wuri, ko da ya fi kowa atisaye.

Batun agara kuma. Ita ce jijiya mafi kauri a jiki, tana haɗa tsokar sha-raɓa da dunduniya. A tenis kusan kowane motsi ta kanta yake bi: ɗan tsallen da ake yi daidai lokacin da abokin karawa ke bugu, tunkuɗar farko zuwa gefe, tashi da sauka a sabis. Rune ya ci set na farko a kan Ugo Humbert a wasan kusa da na ƙarshe a Stockholm lokacin da tasa ta tsinke.

Bayan tiyata, tsarin da aka saba shi ne takalmin jinya mai tudu a ƙarƙashin dunduniya na kusan mako shida zuwa takwas, ana rage tudun sannu a hankali. Daga nan a koyi tafiya daidai, a fara ɗaga dunduniya da ƙafa biyu, sannan da ɗaya. Gudu mai sauƙi ba ya zuwa sai wajen wata huɗu zuwa shida. Komawa gasa galibi wata tara ne zuwa shekara. Babban haɗarin ba sake tsinkewa ba ne kawai. Idan aka yi saurin miƙar da jijiyar, tana warkewa da ƙarin tsawo, kamar igiyar guga da ta saki, sai ka ja amma ƙarfin ba ya isa ƙasa a kan lokaci. Mutum zai yi tafiya lafiya, ya yi gudu ma, amma takun farko ya mutu. Shi ya sa kafin a sake shi ake gwada ɗaga dunduniya da ƙafa ɗaya, a ƙirga yawa a auna tsayi, a gwada tsalle, ana neman ƙafar da aka yi wa aiki ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na lafiyayyar. Ɗaya ƙafar ma sai an kula da ita, don ita ke ɗaukar nauyin watannin nan.

Ta fuskar matsayi akwai sassauci. Wanda rauni ya hana shi wasa wata shida ko fiye na iya neman a kulle masa matsayi, ana lissafa shi daga matsakaicin inda yake a wata ukun farko na jinya. Yana shiga gasa tara da shi, ko cikin wata tara, duk wanda ya riga cika. Idan jinyar ta kai shekara, gasa 12 ne. Sai dai wannan na shiga gasa ne kawai, ba ya sa a ware ka cikin manyan da ake raba su a jadawali. Yana iya cin karo da Sinner ko Alcaraz tun a zagayen farko.

Malam Koci ya ƙara da cewa:

Hajiya, na karɓi rabin maganarki, gaggawar iri ɗaya ce. Amma koci ɗaya da zai zauna shekara biyu zai iya rage ta a fili ko da halin bai sauya ba. Federer ma mai jifa da raket ne yana matashi.

Kan abin da Mai Ɗori ya kawo, akwai abin da ya shafi salo kai tsaye. Idan takun farko ya ragu ko da kaɗan ne, tsayawa mita biyu a bayan layi ana dogon musayar bugu ba zai yiwu masa ba, don daga can filin da za ka rufe ya fi faɗi. Dole ya koma kan layi, ya ɗaga yawan sabis na farko da ke shiga zuwa sama da kashi 60 cikin 100, ya riƙa shigowa ciki yana tarbar sabis na biyu. Salon Paris ke nan. Wajen zaɓen fili kuma, jar ƙasa ta fi sauƙi ga gaɓoɓi amma maki na tsawo a kanta kuma ana zamiya, ciyawa na da santsi ƙwallo kuma na zuwa ƙasa-ƙasa, fili mai tauri ya fi dukan dunduniya. Da ni ke tsara masa, ƙananan gasa masu set uku zai fara da su, biyu a jere sannan mako ɗaya na hutu, kuma ba zai shiga wasan set biyar ba sai ya buga wasa uku cikin kwana huɗu jijiyar ba ta kumbura da safe ba.